Taransifomar kicin ɗina a Jamus: abin da take iyawa da abin da ba ta iyawa

Idan takardar sauyin wurin aiki ta fito wa maigidanki sojan Amurka aka ce Jamus za ku, ga abin da zan faɗa miki tun kafin dogon bayani: taransifoma ɗaya babba, wato akwatin da ke rage ƙarfin wutar Jamus ya dace da kayan Amurka, ta ishe ki, ki saye ta na hannu, kuma kada ki ɗora mata duk wani abu mai cin wuta da yawa da aikinsa zafi ne. Tawa mai wat 2,000 ce. Baƙin akwatin ƙarfe ne mai mariƙi a ka, da soket biyu irin na Amurka a gaba, da jan makunni guda, da ɗan gidan fis a baya. Nauyinta ya haura kilo 10. Dala 40 na ba wata baiwar Allah da ke tattara kaya za su koma Texas, ba kwali, ba takarda, sunan kamfanin ma ya kankare daga jikinta. Na tambaye ta inda ta saya, ta yi dariya ta ce ita ma a hannun wata ta karɓa. Waɗannan akwatuna ba sa barin yankin nan, iyalai ne ke zuwa su yi shekara uku su wuce.

Muna haya ne a wani ƙauye kusa da birnin Kaiserslautern. Amurkawan da ke wannan yanki, da sojoji da ma'aikatan farar hula da iyalansu, sun kai kusan 50,000, kuma babu inda suka taru haka a wajen ƙasarsu. Sansanin sojan sama na Ramstein yana nan, babban asibitin soja na Landstuhl ma haka. Gidajen da ke cikin sansani da yawa suna da soket iri biyu a bango, na Amurka da na Turai, saboda haka matan da suka samu gida a ciki ba su san wannan ɗawainiya sosai ba. Mu da ke gidajen Jamusawa kuwa, ramuka biyu zagayayyu kawai bango zai nuna miki, kuma abin da ke fitowa daga cikinsu bolt 230 ne. Kayan da kika taho da su daga Amurka don bolt 120 aka ƙera su.

A nan sababbin zuwa suke fara asara. Akwai ɗan adafta da ake sayarwa dala biyu ko uku, wanda ke sa fulogin Amurka ya shiga soket ɗin Jamus. Siffar baki kaɗai yake canzawa, wutar tana nan yadda take. Wata maƙwabciyata da suka sauka a bazarar bara ta sa wa injin dafa kofinta shi tun ranar da kayansu suka iso, ko ruwan bai yi ɗumi ba kicin ya turnuƙe da warin ƙonanniyar roba. Abin da ya kamata a duba yana rubuce a jikin kowace na'ura, a ƙasa ko a baya ko a kan caja. In kin ga 100-240V da 50/60Hz, adafta ya wadatar, kuma kusan duk cajar waya da ta kwamfuta haka suke, da talabijin na zamani da dama. In kin ga 120V da 60Hz kawai, to sai da taransifoma, ko kuma a bar ta a kwali. Mu da muka girma da sitabilaiza a bayan firiji za mu ɗauka abu ɗaya ne, amma ba haka ba ne. Wutar nan ba ta hawa da sauka, ba ta buƙatar mai daidaita ta. Aikin wannan akwati ɗaya ne tak, ya raba ƙarfin wutar biyu.

Kuma wannan aikin tana yin sa ba wasa. Abu uku ne suka sa na saye ta: keken ɗinkina, da bilenda, da tukunyar nan mai dafa abinci a hankali. Tukunyar ba ta da matsala ko kaɗan, wat ɗari biyu zuwa uku take ci, sai in zuba naman kai ko jelar sa da safe in tafi kai yara makaranta in biya kantin sansani, in dawo in tarar ya yi luguf. Keken ɗinki ma bai nuna ya san ya bar Amurka ba. Ɗinkin yana tafiya daidai, fitilarsa tana ci, takawar ƙafa tana amsawa yadda ta saba. Da ba don keken nan ba da zaman ya yi mini tsawo, domin samun aiki a nan ga matar soja ba ƙaramin abu ba ne. Ayyukan cikin sansani kaɗan ne, masu nema da yawa, sana'a a gida kuma sai da izinin hukumar sansani, kuma haramun ne a yi amfani da akwatin gidan waya na soja wajen shigo da kayan sayarwa. Ni dai na tsaya a ɗinkin yarana da gyaran labule, domin tagogin Jamus ba su san awon labulen Amurka ba.

Bilendar ce ta sa na nemi mai wat 2,000 maimakon ƙarama. A ƙasanta an rubuta amfiya 11.5. Lissafin mai sauƙi ne, a ninka amfiya da bolt: 11.5 sau 120 ya ba da wat 1,380. Sai dai duk abin da ke da mota a ciki yakan fizgi wuta fiye da haka a daidai lokacin da aka kunna shi, don haka ba a sayen taransifomar da ta yi cif da lissafi, sai an bar mata sarari mai yawa. Ranar Asabar nake markaɗen waken ƙosai. In na zuba surfaffen wake da attaruhu da albasa na murɗa, sai ki ji akwatin ya yi wani gurnani daga ƙasan kanta, sannan ya koma daidai, ƙullun kuma ya fito sumul ba gudaji. In na gama na ɗora tafin hannu a kan murfinta, ɗumi ne kawai. Na ce Asabar ne da dalili. Lahadi a Jamus ranar shiru ce, kantuna a rufe, ba a yanka ciyawa, ba a buga guduma, ko kwalabe ba a jefawa a ma'ajinsu na bakin titi. Tsohon da muke haya a gidansa yana zaune a ƙasanmu, mutumin kirki ne, bai taɓa hawowa ya yi magana ba, amma bilendar nan ƙararta ta isa ta tashi layi guda, kuma ba na son ranar da zai hawo.

To amma fa ba a nan gizo ke saƙar ba. Ban da ƙarfi, wutar ƙasashen biyu ta bambanta a wani abu da babu taransifomar da ke gyarawa. Wutar Amurka tana kai da komo sau 60 a daƙiƙa, ta Turai sau 50, shi ne abin da Hz ɗin nan ke nufi. Taransifoma tana rage bolt, amma bugun yana wucewa ta cikinta yadda ya shigo. Yawancin bilenda da kekunan ɗinki na gida irin motarsu ba ta damu da wannan ba. Amma agogon ƙararrawa mai fulogi, wanda ke ƙirga lokaci da bugun wuta, minti 50 yake ƙirgawa a duk awa, wato kowace awa yana ja baya da minti 10. Sojan da ya dogara da shi don fitowar asuba ya shiga uku. Fanka tana juyawa a sanyaye, motarta tana ɗaukar zafi. Injin ɗumama abinci na Amurka ma ba a so a yi ta aiki da shi a haka, yana wahala, agogonsa ma ya rikice.

Wanda ya fi ba mu dariya shi ne kilifa. Gashin soja yana da doka, ba ya taɓa kunne, ba ya sauka kan wuyan riga, saboda haka maigidan tun muna Amurka ni nake rage masa tsakanin zuwa wajen wanzami. Kilifarsa irin mai maganaɗisu ce, wadda haƙoranta ke karkarwa bisa bugun wuta. Da muka sa ta a taransifoma sai ta hau wani kaf-kaf-kaf mai cika kunne, tana tsalle a hannuna, ba ta yanka sai tsiga. Ya dafe ƙeya ya ce, "Maman yara, aski na ce, ba figar kaza ba." Akwai ɗan ƙusa a gefenta da ake murɗawa don daidaita ƙarar, mun murɗa hagu mun murɗa dama, bai hana komai ba. Ƙarshenta mai caji muka sayo, wadda cajarta ke karɓar kowace wuta. Ban ɗora wa taransifomar laifin wannan ba, ba abin da aka yi ta dominsa ba ne, amma da masu sayarwa suna faɗa da an huta.

Laifuffukanta na kanta guda uku ne, kuma na farkon ya fi ci mini rai. A daidai lokacin da aka danna jan makunnin, takan zuƙi wuta da yawa a ƙiftawar ido, ko da ba a sa mata komai ba. Wani lokaci ta tashi lafiya, wani lokaci ki ji ɗas, kicin ya yi duhu, firiji ya yi shiru. Makunnin kariya ne ya faɗi, kuma akwatin fis ɗinmu yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa, bayan injin wanki. Ba ta da ƙa'ida, shi ne abin haushin. Ba ta taɓa zaɓar ranar da maigidan yake gida ba, sai ya tafi aikin makonni a wata ƙasa, ga jariri a hannu, ga tukunya a wuta, sannan za ta yi halinta. Na lura ta fi yi idan firiji ko injin wanke kwanuka yana aiki a layi ɗaya da ita, don haka na mayar da ita soket ɗin da ke kusa da taga, abin ya ragu amma bai daina ba.

Na biyu, tana da wani amo na ƙasa-ƙasa da ba ya yankewa muddin tana kunne. Da rana ba a ji. Da dare idan gida ya yi tsit, daga falo ina jin ta.

Na uku shi ne kuɗi, kuma shi ne ba a gani sai ƙarshen shekara. Taransifoma tana shan wuta ko ba a sa mata komai ba, ɗumin da ake ji a jikinta kuɗi ne ke ƙonewa. A ce wat 20 kawai take sha a zaune. A bar ta dare da rana shekara guda, ya zama kilowat 175, in aka yi lissafi a kan santi 35 kowanne, an haura yuro 60 a banza, fiye da kuɗin da na saye ta. Wutar Jamus tana cikin mafiya tsada a Turai, ta ninka ta Amurka. Yadda ake biya kuma shi ke ruɗar baƙo: kamfani yana yanka miki wani adadi na kintace da za ki riƙa biya duk wata, sai shekara ta zagayo a karanta mita, in kin sha fiye da haka a turo miki cikon gaba ɗaya. Akwai iyalan da suka bar taransifoma huɗu ko biyar a kunne a ɗakuna daban-daban, ga injin busar da kaya kullum, takardar ƙarshen shekara ta zo ta cinye musu kuɗin hutu. Akwai shirin da ake kira UTAP, wanda ke cire wa iyalan soja haraji daga kuɗin wuta da gas da ruwa idan kamfanin yana cikin shirin, kuma ya kamata ki yi rajistarsa da zarar kun sa hannu a takardar haya. Amma haraji kawai yake cirewa, ba ya kashe miki makunni. Ni nakan kunna ta ne in zan yi aiki, in na gama in kashe, wanda kuma shi ke mayar da ni ga laifi na farko. Tsugune ba ta ƙare ba.

Akwai wani abu da ban sani ba sai da wani abokin aikin maigidan, wanda ke sashen lantarki, ya zo cin abinci ya ga igiyar soket mai kariyar tsawa da muka taho da ita daga Amurka ajiye kusa da akwatin. Ya ɗauke ta ya ce, "Madam, wannan kada ta kusanci waccan." Bayaninsa shi ne, yawancin waɗannan taransifomomi nannaɗin waya ɗaya ne a cikinsu, shiga da fita suna tarayya a waya guda. Fulogin Jamus kuma yana shiga soket ta kowace fuska, ba shi da sama ba shi da ƙasa. In ya shiga a juye, na'urarki za ta yi aiki lafiya lau domin tazarar da ke tsakanin ramukan biyu daidai take, amma tsakanin ɗayansu da wayar ƙasa cikakken bolt 230 ne. Abin kariyar da ke cikin igiyar Amurka ba a yi shi don haka ba, sai ya ƙone, wani lokaci har da wuta. Maganin ɗan abin gwaji ne mai fitila uku da ake sawa a soket ɗin taransifomar. In fitilun sun nuna a juye take, a zare fuloginta daga bango a juya shi a mayar. Na gwada tawa, na manna jan salatif a saman fulogin don yara ko mai shara kada su mayar da shi ta ɗaya fuskar. In kina buƙatar ƙarin soket, ki nemi igiyar da ba ta da wannan kariya.

Sai batun kayan zafi, wanda na fara da shi. Butar lantarki ta Amurka wat 1,500 ce, na'urar busar da gashi takan kai 1,875, dutsen guga da abin gasa burodi su ma ba su da nisa da haka. Ko ɗaya daga cikinsu ya isa ya kai akwatina maƙura, biyu a tare kuwa fis ya tafi. Kuma ba riba. Soket ɗin Amurka mai amfiya 15 iyakarsa wat 1,800, na Jamus mai amfiya 16 yana ɗaukar 3,680, shi ya sa butar da za ki saya a nan da yuro 15 ko 20 take tafasa ruwan shayi kafin ki gama yanka burodi. Ki sayi buta, da dutsen guga, da fanka, da injin share ƙasa na nan. Fankar ma ki saye ta tun watan Mayu, domin gidajen nan ba su da na'urar sanyaya ɗaki, kuma ranar da zafi ya sauka a Yuli ba za ki samu ko ɗaya a kanti ba. Kantin sansani yana sayar da kayan wutar Turai da dala ba haraji. In a gari za ki saya, ki tafi da takardar yafe haraji da ake karɓowa a ofishinta na sansani, tana cire miki harajin sayayya na kashi 19 cikin ɗari, ƙaramar takardar tana aiki ga sayayyar da ba ta kai yuro 2,500 ba. Ba dole ba ne mai kanti ya karɓa, ki tambaya kafin a buga kuɗin. Fitilun tebur kuwa ba sa buƙatar komai ban da adafta da sabon ƙwai mai bolt 230.

Kafin ki fitar da ko sisi, ki fara zuwa ofishin kayan gida na sansani. Suna ba da aron firiji, da injin wanki, da na busarwa, da kabad na kaya, tunda ɗakunan Jamus ba a gina su da wurin rataye tufafi ba, kuma a ɓangaren sojan sama har taransifoma suna bayarwa, a mayar ranar tafiya. In wadda aka ba ki ta ɗauki kayanki, shi ke nan. Akwai kuma kuɗin shiga sabon gida da ake biyan soja sau ɗaya idan ya kama haya a ƙasar waje, an yi shi ne don irin waɗannan ƙananan sayayya. In sai kin saya, lokacinta daga Mayu zuwa Agusta ne, sa'ad da iyalai ke tashi. Shagon gwanjo na sansani da zaurukan saye da sayarwa na Facebook sukan cika da su, kuma matar da masu ɗaure kaya za su zo mata jibi ba ta da lokacin ciniki. Ki sa a kunna miki a gabanki. Ki sunsuna ta, in akwai warin ƙuna ki bari. Ki duba igiyar ko ta tsage, ki duba ko fulogin yana da ƙarfen ƙasa a gefe, ki buɗe gidan fis ki tabbatar fis ne a ciki ba wayar da wani ya nannaɗa ba. Ki ɗaga ta kuma. Mai wat 2,000 da kika iya ɗagawa da yatsu biyu ba taransifoma ba ce, irin 'yar na'urar matafiya ce da ke yanka wuta gunduwa-gunduwa, ita kuwa tana kashe duk abin da ke da ƙwaƙwalwar lantarki a ciki.

Da za a ce in ba ta maki, uku da rabi cikin biyar zan ba ta. Ta riƙe mini keke da bilenda, abubuwan da sayen sabonsu a nan zai ci ɗaruruwan yuro, sannan in rasa yadda zan yi da su in an mayar da mu Amurka. Rabin makin da ɗayan sun tafi a matattakalar ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Wadda ba Jamus aka tura su ba, lissafinta daban ne. Ingila da Italiya wutarsu irin ta nan ce, bakin soket ɗin ne ya bambanta. Koriya ta Kudu bolt 220 ce amma bugunta 60, don haka da taransifoma agogo da kilifa za su yi aiki daidai. Japan bolt 100 take, fulogin Amurka mai haƙori biyu yana shiga kai tsaye, kuma ƙasar ta rabu biyu: gabashi, inda Tokyo take, bugu 50, yammaci da Okinawa bugu 60. Ko ina ne dai, gwamnati tana biyan kuɗin ajiyar kayan da ba za ku tafi da su ƙasar waje ba har ku dawo. Mako guda kafin masu ɗaure kaya su zo, ki bi gidan ɗaki-ɗaki da salatif kala biyu, ki kifa kowace na'ura ki karanta ƙasanta, ki manna wa masu zuwa jirgi kala ɗaya, masu zuwa ma'aji ɗaya kalar. Masu ɗaure kayan nan ba sa tambaya, duk abin da suka tarar a kan kanta cikin kwali yake shiga, har kwandon shara da abin da ke cikinsa.